Shafukan Bayan Fasfona da Ban Taɓa Karantawa Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin wannan shafi, ina karanta yadda mutane ke amayar da abin da ke cin ransu, ni kuwa ina riƙe da nawa a ciki. Yau na ga gara in rubuto, ko Allah zai sa wata ta kauce wa ramin da na faɗa. Ba zan ambaci sunana ba, ba kuma zan ambaci na kowa ba.

A lokacin shekarata ashirin da huɗu. Ni yarinya ce mai yawan shiru da kallon taga, wadda ba a raba ta da ɗan littafin da take rubuta waƙoƙi a ciki. Na gama jami'a a Kano, na roƙi Baba ya bar ni in je Guangzhou koyon harshen Sin, domin rubutunsu ya burge ni, kowane harafi kamar ɗan ƙaramin gida mai ƙofa da taga. Akwai abu guda da ya bambanta ni da sauran ɗaliban da muka zo tare daga Arewa da Nijar. A Amurka aka haife ni, lokacin da Baba ke karatun aikin gona a can. Ban cika shekara biyu ba aka dawo da ni gida, kuma ban sake taka ƙasar ba. Abin da na sani game da ita bai wuce hoto ɗaya ba, na jaririya an naɗe ta cikin tufafi masu kauri, bayanta fari fat da ƙanƙara. Sai kuma shuɗin fasfo, wanda Baba bai taɓa bari ya mutu ba, yana sabunta shi duk lokacin da ya kamata. Na ɗauke shi kyauta ce da ƙanƙara ta ba ni, kyautar da ba ta neman tukuici.

Da na gama karatu ban koma gida ba. Na zama tafinta a Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke taruwa. Har yau in na rufe ido ina ganin dogayen benayen nan da kowane hawa kasuwa ce guda, ina jin ƙarar salatif ana ɗaure kwalaye, da Hausar Kano da ta Zinder da ta Kumasi suna cakuɗuwa da Sinanci a cikin lif ɗaya. Ina raka mutane wurin masu kaya, in fassara ciniki, su ba ni ladana a hannu. Babbar mai hulɗa da ni ita ce Gwaggo, yayar Baba, wadda ke da shagon kayan yara a Kano. Sau uku take zuwa a shekara. Mace ce mai jiki da murya, ba ta yi boko ba, amma in ta dubi ɗinkin wando sau ɗaya za ta gaya maka wanki nawa zai jure. Baturiyar gidanmu take kirana. In na tsaya kallon fitilun titin Huanshi sai ta dungure ni, ta ce Baturiya a sauko ƙasa, waƙa ba ta cika kwantena.

A lalita Gwaggo ke zuwa da dalolinta, ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane, tun daga Kano har Guangzhou. Wata rana a masaukinta ta kwance ta nuna mini shatin da lalitar ta yi mata a fata, ta ce ta gaji. Ta ji an ce mai irin fasfona yana shiga Hong Kong ba biza, kuma bankunan can ba sa wahalar da shi. Me zai hana in buɗe asusu da sunana, ta riƙa turo kuɗin, ni kuma in riƙa biyan masu kaya? Na amsa da murna. Ba mu rubuta komai a tsakaninmu ba. Mai karatu ya san halinmu: in na ce Gwaggo ta sa hannu a takarda, kamar na ce ban yarda da ita ba ne, in ita ta nema kuwa, kamar ta kira ni ɓarauniya. Amana ce, shi ke nan. Shekara biyu muna haka, kuɗi na shiga suna fita, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Ranar da ta fara sauka daga jirgi ba lalita, ta juya a gabana kamar amarya, ta ce in duba yadda ta rame.

Yawan tsallakawa Hong Kong ya cinye shafukan fasfona da hatimi. Sai na je ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Guangzhou don a ƙara mini wasu. A bakin ƙofa ake karɓe waya da jaka, har littafin waƙoƙina na bari. Na zauna jiran layi ba komai a hannuna sai fasfon, ni kuwa ba na iya zama ban karanta wani abu ba. Haka na buɗe shafukan da ke ɗauke da ƙananan rubutu, waɗanda shekara da shekaru nake tsallakewa. A cikinsu na ga an ce duk ɗan ƙasar da ke zaune yana aiki a waje, wajibi ne ya riƙa sanar da hukumar haraji abin da ya samu, ko a ina ya same shi a duniya. Na karanta sau uku. Na yi murmushi, na ce a raina wannan da Amurkawan gaske ake.

Kusa da ni akwai wata dattijuwar Ba'amurkiya mai furfura, malamar Turanci ce a wata makaranta a garin. Na nuna mata wurin, na tambaye ta cikin wasa ko wannan ya shafi wadda ba ta ma san hanyar Amurka ba. Ta cire tabarau ta dube ni da tausayi. Ta ce ya shafe ni kamar yadda ya shafe ta. Ta ce yawancin ƙasashe suna bin wanda ke zaune a cikinsu ne da haraji, amma tasu ƙasar ɗanta take bi, ko yana tsakiyar hamada. Ita kanta ta fi shekara goma a Sin, kuma duk shekara tana cike takardu ta aika, ko da ba a ce ta biya komai ba. Sannan ta tambaye ni ko ina da asusu a banki. Da na ce ina da shi a Hong Kong, ta ce in abin da ke ciki ya taɓa haura dala dubu goma ko na yini ɗaya, shi ma akwai takardarsa daban. Na ce kuɗin ba nawa ba ne. Ta ce sunan wa ke kai? Ta rubuta mini lambar wani akanta a Hong Kong a bayan tikitin layinta, ta ce kada in tsorata, in je in gan shi kawai.

Na fito rana tsaka, na kasa shiga jirgin ƙasa. Abin da ya fara kama ni ba tsoro ba ne, mamaki ne mai nauyi, irin wanda ke kama mutum in ya tsaya gaban babban ruwa. Ashe akwai wata ƙasa a bayan teku, wadda ban san ƙamshin ruwan samanta ba, ban san sunan titin da aka haife ni ba, amma ita tana sane da ni. Duk shekarun da nake tallar murya tsakanin Bakano da Basine, ana jiran takardata a wani ofishi da ban taɓa gani ba. A wurinmu haraji na ƙasar da ka taka ne. Inda ka kafa rumfa, nan mai karɓa zai same ka. Ban taɓa jin harajin da ke bin mutum kamar sunan mahaifinsa ba. Na tuna darasin Islamiyya kan masu rubuta ayyukan bawa, da yadda tun ina ƙarama nake waiga kafaɗata ko zan gan su. Na ce a raina, in 'yan Adam sun iya wannan, ina ga Ubangijinsu?

A nan ne na yi kuskuren da ya sa nake rubuto wannan wasiƙa. Ban kira akantan ba. Na shiga shagon intanet na yi ta bincike ni kaɗai, har na ci karo da inda aka ce tarar ɓoye asusu na iya kai rabin abin da ke ciki. Daga nan idona ya rufe. Ban tsaya na ga cewa da mai ɓoyewa da gangan ake ba, wanda bai sani ba hukuncinsa daban. Rabin kuɗin Gwaggo kawai nake gani. Sai na saka wa raina cewa muddin ban taɓa asusun ba, ba wanda zai lura da shi, kamar yadda yaro ke rufe ido ya ɗauka ya ɓuya. A daidai lokacin kuwa kuɗin da ke ciki sun fi na kowane lokaci yawa. Saura wata uku ƙaramar salla, Gwaggo ta ba da aikin wandunan jins na yara cikin kwantena guda a Xintang, garin da ake ɗinka su. An biya kafin alƙalami, saura cikon, kuma sai an cika za a saki kaya su kama jirgin ruwan da zai kai su kafin salla.

Ranar biya ta zo ta wuce. Na je Xintang da niyyar roƙon lokaci. Garin nan duk shuɗi ne, hannayen masu ɗinki shuɗi, ruwan kwata shuɗi, har ƙurar da ke kan ganye. Mai masana'antar, wanda muke kira laoban, wato maigida, mutum ne mai fara'a da ya sha zuba mini shayi. Ya kai ni ya nuna mini kayan Gwaggo a ɗaure har rufi. Ya ce ya san Mama, haka yake kiranta, ba ta taɓa saɓa masa ba, amma shi ma yana da ma'aikata da za su ci abinci. Ya ɗaga yatsu ya ba ni kwana goma. Bayan haka, in ji shi, meiyou, kalmar da kowane ɗan kasuwa a Xiaobei ya sani, wato babu. Na ce masa banki ne ya sami matsala. Ƙaryar da na maimaita wa Gwaggo ke nan a waya, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu ta ce, Baturiya, bankin nan naku ba ya warkewa ne? Daga ranar na daina ɗaukar wayarta.

A cikin kwanakin nan na hau jirgin fito a kogin da ya ratsa birnin, da hantsi, fasfon na cikin jakata. Na yi niyyar in sake shi a ruwa, a tunanina in babu shi babu ni a littafinsu. Na fito da shi na riƙe a bakin ƙarfe. Kogin na tafiya da faɗinsa, jiragen yashi na wucewa, benaye na haskawa a gaɓa biyu. Sai na ga wautata. Takarda ce kawai a hannuna, abin da aka rubuta yana can inda hannuna ba ya kaiwa. Na mayar da shi jaka. Da na sauka na kira Baba na gaya masa komai ina kuka. Ya yi salati. Mutumin da ya yi shekara biyar a ƙasar, ya koyar a jami'a shekara ashirin, ya ce wallahi bai taɓa sani ba. Ya ce shi gani yake ya bar mini gado ne, ashe har da igiya a jiki. Ya ce a akwatin takarduna akwai wani ɗan kati mai lamba tara da aka ba ni ina jaririya, bai taɓa sanin amfaninsa ba. Ashe da wannan lambar ce hukumar harajinsu ke gane ni. Sannan ya ce in shirya, domin yayarsa ta riga ta hau jirgi.

A masaukinta na titin Huanshi na same ta, ko mayafi ba ta cire ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in tashi in zauna, ta ce ita ta yi mini wanka na farko da aka dawo da ni, don haka in gaya mata gaskiya: wani saurayi ne ya karɓe, ko kasuwanci na gwada ya ci ni? Ta ce in ma cinyewa na yi, ba za ta bari a ji a gida ba. Wannan maganar ta fi mari zafi. Na fito da takardar banki na nuna mata kuɗinta cif, sannan na buɗe fasfon na fassara mata layukan nan, na gaya mata batun rabin.

Gwaggo ta karɓi fasfon ta juya shi gaba da baya kamar mai duba yadi. Ta ce, to, wato su can sun san da ke? Na ce sun sani. Ta ce kuma ba su taɓa ganinki da haƙora ba? Na ce ba su taɓa ba. Ta riƙe baki ta ce ikon Allah, ita da aka yi ƙidaya har ƙofar gidanta aka tsallake ta. Ta ce kakansu ya sha ba su labarin masu jangali da ke bin makiyaya har cikin daji suna ƙirga shanu, amma ko su in ka haye kogi sun haƙura. Ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce, 'yar nan, su ba su taɓa kuɗina ba, ke kika riƙe su. Da kin buɗe baki tun ranar farko, da ni zan raka ki har ƙofarsu.

Washegari na tsallaka Hong Kong, na tura wa laoban cikonsa, na wuce ofishin akantan. Ya saurare ni har ƙarshe ba tare da ya nuna mamaki ba, ya ce irina suna da yawa. Ya bayyana mini cewa takardar asusu sanarwa ce kawai, ba karɓewa ba ce. Ya ce abin da nake samu bai kai inda harajin samu zai hau kansa ba, amma sai na cike takarda na nemi wannan sassauci, ba ya zuwa da kansa. Akwai dai wani kaso da mai aikin kansa ke biya, shi ba makawa, da ɗan ƙari na jinkiri. Zai cike mini na shekarun baya, mu haɗa da wasiƙar da ke bayyana cewa rashin sani ne. Abu ɗaya ya dame shi. Kuɗi masu yawa sun ratsa asusuna, me zai nuna ba nawa ba ne? Ya tambayi yarjejeniyar da ke tsakanina da mai kuɗin. Na ce amana ce. Ya ce ya gane, amma amana ba ta shiga ambulan.

Na dawo jiki a sanyaye na gaya wa Gwaggo, ina jin kunyar in nemi takarda a wurinta bayan abin da na yi. Ta jawo jakarta ta zaro wani ɗan littafi mai baƙin bango da ya sha hannu, ta miƙo mini. Ajami ne, da rubutunta. Kowane kuɗi da ta taɓa turo mini yana ciki, da ranarsa ta watan Musulunci, da sunan kayan da aka saya. Na ɗago na dube ta. Ta ce kada in ɓata rai, ba don ba ta yarda da ni ba ne, ai addini ma cewa ya yi a rubuta, ita dai ba ta ga dalilin nuna mini ba. Na zauna da littafin a cinyata ina buɗe shafukansa. Ashe ta ko'ina ana rubuta ni, daga bayan teku da kuma daga cikin jakar Gwaggo, ni kaɗai ce mai littafin da ba komai a ciki sai waƙa. Ni na fassara shafukan zuwa Turanci, ta dangwala yatsa a ƙasa, akanta ya haɗa da hotonsu. Har yau ina jinjina wannan abu, cewa ajamin Gwaggo, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, shi ya tsaya mini shaida.

Na biya abin da ya hau kaina daga ɗan abin da na tara. Ba a taɓa ko sisin Gwaggo ba. Amma kwana goman laoban sun riga sun cika kafin kuɗin su isa, ya sayar wa wani rabin kayan. Sauran suka rasa jirgin, suka iso Kano bayan an sha salla an watse. Gwaggo ta karyar da su, ta yi asarar kakar da take dogaro da ita duk shekara. Rabin da na ji tsoron wata ƙasa za ta ƙwace, shiruna ne ya cinye shi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma gaya wa kowa a gida ba. Da ta dawo bayan wata huɗu na je tarbarta a filin jirgi. Ta rungume ni tana kiran Baturiya kamar kullum, sai na ji taurin lalita a ƙugunta.

Shekaru sun wuce, kuma duk shekara ina cike takarduna in aika wa ƙasar da har yau ban koma ba. Ina kira ga iyayen da suka haihu a can, da masu shirin zuwa don ɗansu ya sami shuɗin fasfo: ku sani ba a hannu kaɗai ake riƙe shi ba, shi ma yana riƙe mai shi. Ku gaya wa 'ya'yanku tun kafin su fara neman na kansu. Wanda ke da shi yana aiki a waje, ya nemi masani ya tambaya, domin ni ba masaniya ba ce, kuma dokoki na canzawa. Kada ku ari sunanku ga kuɗin wani ba rubutu, ko da uwa ce ta haife ku. In kuma tsoro ya kama ku a kan amanar wani, mai amanar za ku fara gaya wa, a ranar, kafin rana ta faɗi. Hukumar da ke bayan teku ta karɓi uzurina a takarda ɗaya. Gwaggo ma ta yafe mini, na sani. Amma ta kusa saba'in yanzu, kuma har yau da lalita take tafiya.